TARIHIN FAIFAN CD-RW: SINADARIN DA MUKA WATSAR A SAMARU, YAU SHI INJINIYOYI KE NEMA



Darasinmu na yau tarihi ne, yana da ɗan tsawo, amma ku daure ku kai ƙarshe, domin akwai aikin da nake so kowa ya yi a gidansa cikin makon nan.

Kwanakin baya ina kwashe tarkace a ɗakinmu na gida a Jushi, sai na ci karo da wata leda cike da tsofaffin fayafayai. Wasu an rubuta CD-R a jiki, wasu CD-RW, akwai DVD guda uku. Ƙanena da ke taya ni aikin ya ɗauki ɗaya yana juya shi, ya ce, "Yaya, wai me ya raba mai R da mai RW?" Na ce masa mai R sau ɗaya ake rubuta masa abu, mai RW kuwa ana gogewa a sake. Sai ya ce, "To ta yaya ake goge abin da wuta ta ƙona?"

Wallahi tambayar ta yi. Shekaru muna cewa a yi mana bonin, wato a ƙona mana faifai, amma kaɗan ne cikinmu suka tsaya suka tambayi abin da ake ƙonawa. Amsar tana cikin wani siririn shafe da ke cikin faifan, kuma labarin wannan shafen ya fi shekara 60.

DA FARKO, MENE NE SINADARIN?

Masana kimiyyar sinadarai suna da wani gida na ma'adinai da ya haɗa da farar wuta, da seleniyom, da teluriyom. Duk abin da aka samu ta hanyar haɗa ɗaya daga cikin waɗannan ukun da wani ma'adini, sunansa kalkojenaid.

Kada sunan ya tsorata ku, mun daɗe da sanin danginsa. Kwallin da iyayenmu mata ke saye a kasuwar Sabon Gari, yawancinsa dutse ne da ya haɗa darma da farar wuta, ka ga shi ma ɗan gidan ne. Da irin wannan dutsen aka riƙa haɗa rediyon farko-farko a farkon ƙarni na 20. (Tunda zancen ya zo, darmar da ke ciki tana cutarwa, shi ya sa likitoci ke hana sa wa jarirai.) Haka kuma tsofaffin injinan fotokwafi, irin Xerox 914 da ya fito a 1959, gangar cikinsu an shafe ta ne da seleniyom.

Wanda ya shafe mu yau shi ne haɗin ma'adinai uku: jamaniyom, antimoni da teluriyom. A taƙaice ana ce masa GST.

Abin da ya sa ya fita daban shi ne yana iya zama cikin yanayi biyu, kuma duka biyun a daskare. Ku tuna kuratan soja a Depot na nan Zariya lokacin fareti: kowa a layinsa, tazara daidai. Wannan shi ne yanayi na farko, ƙwayoyin zarrar sinadarin sun jeru tsaf, ana kiransa kiristal. Sai ku tuna cunkoson kasuwar Sabon Gari ana gobe Sallah, kowa ya tsaya inda ya samu. Wannan shi ne yanayi na biyu, irin na gilashi.

Idan suna jere, haske na dawowa sosai in ya dake su, kuma lantarki na wucewa cikin sauƙi. Idan suna hargitse, hasken da ke dawowa kaɗan ne, lantarki kuma da ƙyar yake ratsawa, bambancin kan kai ninki dubu ko fiye. To ka ga an samu 1 da 0 kenan, waɗanda su ne harshen kwamfuta.

Yaya ake sauya shi? Da zafi. In ka gasa shi ya haura digiri 600 ya narke, sannan ka bar shi ya huce farat ɗaya, ƙwayoyin ba su samu lokacin komawa layi ba, sai su daskare a hargitse. In kuma ka ɗumama shi kawai, sama da digiri 150 ba tare da ya narke ba, sai su lallaɓa su koma layi. Masu yin alawa sun san wannan: sukarin da aka narkar ya huce da sauri yakan fito garau kamar gilashi, wanda aka bari ya ja lokaci kuma ya koma tsaki-tsaki. Babban abin shi ne, duk yanayin da ka bar shi, a nan zai zauna ko da an ɗauke wuta.

MUTUMIN DA BAI JE JAMI'A BA

A wajajen 1955, wasu masana biyu a cibiyar Ioffe da ke Leningrad ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Boris Kolomiets da Nina Goryunova, suka gano cewa gilashin kalkojenaid yana da halin semikondakta, wato dangin silikon da ake yin taransisto da shi. Wannan ya ba mutane mamaki, don a lokacin an ɗauka sai abin da ƙwayoyinsa ke jere ne kawai zai yi wannan aikin.

Wanda ya mayar da abin na'ura shi ne Stanford Ovshinsky. An haife shi a 1922 a garin Akron na jihar Ohio a Amurka. Makanikin injina ne, bai yi digiri ba, karatun kansa ya yi. A 1960 shi da Iris, wadda ya aura daga baya, suka buɗe ɗan kamfani a Detroit, wanda daga baya ya zama Energy Conversion Devices. A nan ya lura cewa siririn shafen wannan gilashi yakan ƙi barin lantarki ya wuce, har sai ƙarfin wutar ya kai wani mataki, sai ya buɗe nan take. Wani haɗin yakan rufe da zarar an rage wuta. Wani kuma yakan zauna a buɗe har sai an sake dukansa da wuta mai ƙarfi. Na farkon makunni ne, na biyun memori ne.

A watan Nuwamba 1968 ya wallafa sakamakon a mujallar Physical Review Letters, har labarin ya hau shafin farko na jaridar New York Times. Masana da yawa sun yi masa kallon mai cika baki, wai ina makaniki ina wannan fage. Amma a 1970 kamfaninsa da wani sabon kamfani mai shekara biyu da kafuwa, wato Intel, suka nuna memori mai ɗaukar bit 256 da aka yi da wannan sinadari. Gordon Moore, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Intel, yana cikin waɗanda suka rubuta bayaninsa.

Bit 256 fa, wato harafi 32, ko saƙon tes ɗaya ba zai ɗauka ba. Ga shi da zuƙar wuta, ga jinkiri. Memorin silikon ya wuce shi fintinkau, aka ajiye maganar.

DAGA LANTARKI ZUWA HASKE

Da ƙofar lantarki ta rufe, sai ta haske ta buɗe. A 1971 Ovshinsky da abokan aikinsa suka nuna cewa hasken leza ma yana iya sauya yanayin shafen, ya kuma mayar da shi. Matsalar ita ce komawa layin yana ɗaukar lokaci, faifai kuwa juyawa yake da gudu.

Japan ce ta warware wannan. A 1987 Noboru Yamada da tawagarsa a kamfanin Matsushita, masu Panasonic, suka fito da haɗin GST da ke komawa kiristal cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. Kamfanin Ricoh kuma ya samar da nasa haɗin na azurfa, indiyom, antimoni da teluriyom, wanda shi ne aka fi sa wa a CD-RW. Daga nan kaya suka fara fitowa:

1995: faifan PD na Panasonic, megabait 650.
1997: CD-RW ya shigo kasuwa.
1998: DVD-RAM, gigabait 2.6 a fuska ɗaya.
1999: DVD-RW na kamfanin Pioneer, gigabait 4.7.
2003: Blu-ray na farko da Sony ta sayar a Japan, shi ma mai goguwa ne.

Ga amsar tambayar ƙanena. A cikin CD-R akwai wani rini, leza na ƙona shi, ya ƙone kenan har abada. A cikin CD-RW kuwa babu abin da ke ƙonewa. Lezar tana da ƙarfi hawa uku: mai ƙarfi ta narkar da ɗigo ya zama gilashi, wato rubutu, matsakaiciya ta ɗumama shi ya koma kiristal, wato gogewa, mai rauni kuma ta haska kawai don karantawa. CD-RW na jure wannan kusan sau 1,000, DVD-RAM kuma har sau 100,000.

YADDA YA ISO MANA ZARIYA

Wanda ya yi karatu ko sana'a a Samaru a shekarun 2000 ya san zamanin. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ta tara dubban ɗalibai, kuma kowanne sai ya buga furojet. Shagunan buga takardu da fotokwafi da kafe na intanet suka cika bakin titin Sakkwato da cikin makaranta. Da fari fulofi ake amfani da shi, mai ɗaukar megabait 1.44, wanda ƙura kaɗan ko zafin aljihu ke kashewa. Sai ga faifan da ke ɗaukar megabait 700, kusan fulofi 480 a abu ɗaya.

Ɗalibi mai dabara yakan sayi CD-RW ɗaya. Malami ya yi gyara a babi na biyu, ka koma shago a gyara, a goge faifan a sake ɗora sabo. CD-R kuwa kowane gyara sabon faifai, sabon kuɗi. Ranar miƙa aiki ne ake sayen CD-R a ɗora na ƙarshe a haɗa da kundin.

A ɓangaren Sabon Gari da PZ kuma harkar ta fina-finai da waƙoƙi ce. Finafinan Hausa sun faro a kaset na bidiyo, Turmin Danya ya fito a 1990 a Kano, daga baya kasuwa ta koma faifan VCD da ake sarowa daga Kano, musamman Ƙofar Wambai. Masu ɗaukar bidiyon biki da suna su ma suka bar kaset suka koma faifai.

A nan ne mutane da yawa suka yi faɗa da mai shago a banza. Ka kai CD-RW a zuba maka waƙoƙi, ka sa a rediyon mota ko tsohuwar na'urar gida, ta ƙi karantawa, ka koma kana cewa an cuce ka. Alhali laifin ba nasa ba ne. Faifan kamfani yana mayar da kusan kashi 70 cikin ɗari na hasken leza, CD-RW kuwa kashi 15 zuwa 25 kacal. Tsohuwar na'ura idonta bai kai ya ga wannan ba. Shi ya sa aka fito da tambarin MultiRead a jikin na'urorin da ke iya karanta shi.

Daga baya filash ya yi araha, memorin waya ya zo, masu turi suka kafa tebura da kwamfuta suna zuba fim a waya. Laftof ma aka daina yi masa wurin sa faifai. CD-RW ya koma cikin leda a ƙarƙashin gado, wasu yara suka mayar da shi abin wasa, masu keke suka maƙala shi a baya don ƙyalli.

YA KOMA INDA YA FARO

Lokacin da muke watsar da faifan, su kuma injiniyoyi sun koma kan tsohon mafarkin 1970. Dalili? Yanzu ana iya yin ɗigon sinadarin ƙanƙane ƙwarai, kuma iya ƙanƙantarsa iya ƙarancin wutar da zai sha kafin ya narke. A madadin leza, sai a sa ɗan siririn hita a ƙarƙashin kowane ɗigo a cikin IC.

A 1999 Ovshinsky da Tyler Lowrey suka kafa kamfanin Ovonyx, Intel ta zuba kuɗi a ciki. A 2010 Samsung ta fara sa irin wannan memori mai megabit 512 a wayar hannu. A 2012 Micron ta yi mai gigabit 1, wanda ya shiga wasu wayoyin Nokia Asha. Kun tuna Asha? Ba mamaki wani a cikinku ya riƙe wannan fasaha a aljihu bai sani ba. A shekarar 2012 ɗin ce kuma kamfanin Ovshinsky na asali ya karye, shi ma ya rasu a watan Oktoba yana da shekara 89.

Babban yunƙuri ya zo a Yulin 2015, da Intel da Micron suka sanar da 3D XPoint, suka ce zai iya ninka memorin filash sauri har sau 1,000. Intel ta fara sayar da shi a 2017 da sunan Optane. Kayan ya yi kyau, waɗanda suka yi aiki da shi sun yaba saurinsa da juriyarsa. Sai dai tsada. Filash kullum ƙara araha yake, RAM kuma ya fi shi sauri, sai ya maƙale a tsakiya. A 2021 Micron ta janye, ta sayar wa Texas Instruments masana'antarta ta Lehi a jihar Utah kan dala miliyan 900. A Yulin 2022 Intel ma ta rufe harkar, da asarar kaya na dala miliyan 559.

Duk ɗan kasuwar Sabon Gari ya san wannan karatun: kyawun kaya daban, samun mai saye a farashin da zai fitar da kai daban.

NA'URAR DA KE SAUYA KANTA

To ina aka kwana yanzu? An gane cewa amfanin sinadarin ya wuce ajiyar fayil. Abin da zai iya zama hanyar wuta yanzu, anjima ya zama katanga, kuma ya riƙe matsayinsa ba tare da cin batir ba, ai da shi za a iya sake tsara wayoyin cikin na'ura bayan an gama ƙera ta. Ga wurare huɗu:

1. Makunnin sigina. Wayarka tana tsalle tsakanin 2G, 3G, 4G da 5G, kowanne da zangonsa, kuma ƙananan makunnai ne ke zaɓar hanyar da sigina zai bi zuwa eriya. A 2013 masu bincike a kamfanin Northrop Grumman suka nuna makunnin da aka yi da jamaniyom da teluriyom. Ɗan hita ya ɗana shi sau ɗaya, ya zauna a kunne ko a kashe, ba ya ƙara neman wuta. Da irinsa eriya ɗaya za ta iya sauya zangon da take kamawa.

2. Kwamfutar mota. Kamfanin STMicroelectronics yana sa wannan memori a cikin IC ɗinsa na motoci mai suna Stellar. Yana jure zafin inji, kuma yana sauƙaƙa sabunta manhajar mota ta intanet ba tare da an cire komai ba.

3. Ƙirƙirarriyar basira. Ɗigon ba dole ya zama kiristal gaba ɗaya ko gilashi gaba ɗaya ba, yana iya tsayawa rabi da rabi, ko kashi ɗaya cikin huɗu. Wato yana iya riƙe lamba, ba 1 da 0 kawai ba. A 2016 masu binciken IBM a Zurich suka yi kwaikwayon ƙwayar ƙwaƙwalwa da shi, a 2023 kuma suka nuna IC mai sassa 64 da ke yin lissafin a cikin memorin kansa. Hakan na rage wutar da ake ɓatawa wajen kai bayanai da dawo da su.

4. Hanyoyin haske. A 2015 masana daga jami'ar Oxford a Ingila da Münster a Jamus da abokan aikinsu suka ɗora GST a kan siririyar hanyar haske a cikin IC, suka rubuta suka karanta da haske zalla.

Har yanzu akwai matsaloli. Narkar da ɗigon na cin wuta, yanayin gilashin yakan ɗan gusa da kansa a hankali ya rikita lissafi, teluriyom kuma ma'adini ne mai wuyar samu, yawanci a wajen tace tagulla ake tsintarsa. Mafi yawan na 1, na 3 da na 4 suna matakin gwaji ko fara shiga kasuwa. Ɗalibanmu na fiziks da injiniyan lantarki a Samaru da ke neman maudu'in furojet, ga fage nan a buɗe.

AIKIN GIDA

Na dawo kan ledar Jushi. Na samo abin karanta faifai na USB na gwada su ɗaya bayan ɗaya. CD-RW ɗin furojet ɗina ya buɗe lafiya lau. Amma CD-R ɗin bikin yayarmu, wanda ya daɗe a kan taga rana na dukansa, ya tafi. A cikinsa akwai kakarmu tana magana, Allah ya jiƙanta, kuma ba mu da wani kwafi. Abin ya tsaya min a rai.

Don haka kada ku jira:

• Ku tattaro fayafayan biki, suna, hotuna da takardu. Ku nemi laftof mai wurin faifai ko abin karantawa na USB.
• Ku fara da CD-R da DVD-R, don rininsu ne rana da zafi suka fi saurin lalatawa. Mai RW ma ba a yi shi don ajiyar dindindin ba, shi ma a kwafe.
• In faifan ya yi datti, a goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada a bi da'ira.
• Ku kula da saman CD, wajen rubutu. Bayanan suna dab da ƙarƙashinsa, ƙarzuwar sama ta fi ta ƙasa illa. Kada a rubuta da biro.
• A ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya a hadis ko filash, ɗaya a Google Drive ko makamancinsa.
• Bayan kun kwafe, in kuna son sake amfani da mai RW a Windows: ku buɗe This PC, ku danna dama a kan faifan, ku zaɓi Erase this disc.

Wanda ya gwada ya faɗa mana fayafayai nawa suka buɗe, nawa suka ƙi. A darasi na gaba in sha Allah za mu nuna yadda ake ceto fayil daga faifan da ya ƙarzu. Ku tura wa wanda kuka san yana da irin wannan ledar a gida.